Idan Danshi Ya Hau Bango

Daga Birnin Kudu har Gwaram, watan Agusta na kamawa sai ka ga gindin bango ya yi duhu har gwiwa, fenti na ɓamɓarewa, ga wani farin gishiri kamar kanwa. Ruwan ƙasa ne bulo yake tsotsa.

Kada ka yi gaggawar sake fenti, asarar kuɗi ce kawai. Fara daga waje: kwashe ƙasar da ta taru a jikin bango, gyara indararo, yashe lambatu. Sannan magini ya kankare ruɓaɓɓiyar filasta har sama da inda danshin ya tsaya, a bar wurin ya sha iskar hunturu kafin sabon yaɓe. Mai sabon gini kuwa, ya shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi kafin ya ɗora bulo.