Kuɗin Da Garma Ke Tonowa

Idan damina ta sauka aka shiga huɗa, wani lokaci garma ta kan tono wani ƙarfe mai kama da kuɗi, tun ba a gonar da ke kan kufai ko gefen tsohuwar kasuwa ba. Wani manomi sai ya jefar, wani kuwa ya soke a aljihu yana murna ya sami dukiya. Duka biyu garaje ne.

Da fari a wanke shi da ruwa da sabulu kaɗai. Kada a dirje shi da toka ko yashi, gama su ke cinye rubutun, rubutun nan kuwa shi ne shaidarsa. Kuɗi na gaske yana da zane gaba da baya, da shekara, da sunan ƙasa ko na mai mulki. In yana da kunne a baya, maɓallin riga ne. In ba kome jikinsa sai huda, watakila ƙarfen keke ne ko na mota.

Amma fa huda ba aibu ba ce. Kwabo da anini da Turawa suka fara bugawa a 1907 duk da hudarsu suka zo, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Sule da fataka, watau sule biyu, sun fito a 1913 da hoton itacen kwakwar manja. Na azurfa ne har 1920, sa'an nan aka koma yin su da tagulla. Na Nijeriya na 1959 kuwa amfanin gona aka zana musu: auduga a taro, koko a sisi, gyaɗa a fataka. Tun da Naira ta shigo a 1973 aka yi sallama da su duka, yanzu ko gishiri ba sa saye, sai dai a ajiye a nuna wa jikoki.

Wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne liyari. Babba ne, faɗinsa wajen santimita 4. Gefe guda da hoton wata sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, ɗaya gefen da gaggafa mai kai biyu. Fatake ne suka riƙa ƙetaro hamada da shi zuwa Barno da Kano, a 1851 kuwa ana canja shi wuri 2,500 a Kano. Kusan kowanne 1780 aka rubuta masa, shekarar da sarauniyar ta rasu, ko da kuwa a 1940 aka buga shi. Saboda haka shekarar nan ba ta nuna tsufansa, ba ta kuma mai da shi jabu. Darajarsa tana ga azurfarsa: nauyinsa giram 28, in an kasa shi shida kashi biyar azurfa ne, kashi ɗaya jan ƙarfe.

To, domin wannan daraja ne masu jabu suke kwaikwayonsa da dalma. A ɗora shi bisa kan yatsa a ɗan buga da wani ƙarfe. Azurfa tana amo mai tsawo, dalma kuwa sai ta ce ƙwal ta yi shiru. Har wa yau dalma tana barin baƙin layi in an goga ta a takarda, tana kuma da taushi ƙwarai. Sa'an nan a dubi bakinsa. Na gaske buga shi aka yi, yana da rubutu kewaye da bakin. Na jabu zuba shi aka yi, don haka a kan ga ɗan layi inda mazubin ya haɗu, da 'yan ramuka kamar zanzana, haruffan kuma dishi-dishi.

Maganaɗisu yana taimako, amma ba shi ke yanke shari'a ba. In ya kama, lalle ba azurfa ba ce. In bai kama ba, ba a gama ba tukuna, gama dalma da tagulla ma ba ya kama su. Baƙin da azurfa ke yi a cikin ƙasa kuma ba laifi, tsatsa ja ita ce alamar baƙin ƙarfe.

Liyari mai huda ko mai ɗan kunne bai zama jabu ba, mata ne suka yi ado da shi, sai dai hudar ta ɗan rage nauyinsa. Wanda ya yi niyyar sayarwa ya kai wa maƙerin azurfa a auna a gabansa, kana ya ji ta bakin maƙeri na biyu kafin ya sallama.