Ladabin Kallo Kafin Magani

Wani ɗalibi ɗan Sabuwa, wanda ya kammala digirin farko ya shiga ilmin gyaran magana, ya aiko mini da kuka cewa makonni ke nan ana zaunar da shi a kusurwar ɗakin duba marasa lafiya ba a ba shi izinin cewa uffan ba, alhali kuwa a garinsu ga masu in'ina, ga yaran da sanƙarau ya kurumta, duk suna jiran mai taimako.

Ɗana, wannan zama da ka raina shi ne harsashin fannin, domin ko a Amurka, inda aka shar'anta wa ɗalibi awa 400 ta aikin asibiti kafin a ba shi shaida, 25 daga ciki kallo ne tsantsa a gaban ƙwararre. Illar da nake ji maka tsoro ita ce gaggawar hukunci, wadda takan sa ɗalibi ya rubuta zatonsa a matsayin mushahada.

Saboda haka ka raba shafin littafinka biyu, dama don abin da ido ya gani kunne ya ji, hagu don abin da zuciya ta raya. Idan yaro ya sarƙe a kan "baba", ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, uwarsa kuma, saboda tausayi, ta yi wuf ta ƙarasa masa, to ka rubuta sau nawa ya maimaita gaɓar da abin da malaminka ya yi a daidai lokacin, sa'an nan bayan an tashi ka tambaye shi dalili. Ka lura kuma da yadda malamin yake neman tahƙiƙin jin yaro tukuna, ko da sai an tura shi asibitin koyarwa na Shika ko cibiyar kula da kunne ta Kaduna. Sunan majinyaci amana ne: kada ya shiga littafinka, balle hotonsa ya shiga wayarka.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su koya maka ba. Basakkwacen da ya ce "hwari" maimakon "fari" ba tsamin baki gare shi ba, karin harshensu ne. Idan ka koma Sabuwa hutu, ka nemi izinin iyaye ka zauna a zaure ka saurari lafiyayyun yara, ka rubuta shekarun da kowanne ya fara iya furta ƙ da ɗ da ts.