Kuloci da Riƙon Kan Babur a Hanyoyin Gargada na Jos

Kuloci shi ne mai haɗa ƙarfin inji da tayar baya, shi ne kuma mai raba su. A baburan da suka fi yawa a Nasarawa Gwom, irin su Bajaj Boxer da TVS, fayafayansa suna cikin baƙin mai ne, saboda haka suna jure ɗan gogayya ba tare da sun ƙone nan take ba. Tsakanin matse hannun kuloci gaba ɗaya da sakinsa gaba ɗaya akwai ɗan wurin da fayafayan suke fara kamawa. A kan kwalta mutum yakan wuce wurin nan bai ma lura ba, amma a hanyar duwatsu da zaizaya, kamar lungunan Dutse Uku ko hanyoyin ƙauyukan gindin duwatsun Shere, a nan ne gwanintar tuƙi take.

Idan taya ta ci karo da dutse a hawa, ɗan koyo yakan murɗa totur, sai tayar baya ta yi ta juyawa tana watsa tsakuwa, ko inji ya mutu a tsakiyar tudu. Abin da ya dace shi ne a shiga giya ta ɗaya tun daga ƙasa, a tsayar da totur a wuri guda, a riƙa auna ƙarfin da yatsun hagu: a ɗan matsa idan inji ya fara shaƙewa, a ɗan saki idan taya ta kama ƙasa. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Kano kauri ba, don haka ƙaramin inji yana rasa wani abu na ƙarfinsa, balle an ɗora masa buhun dankali. Sai dai wasa da kuloci na ɗan lokaci ne. Wanda ya rataye yatsu a kansa tun daga Farin Gada har gida, bakanike zai gani a jikin faifan.

Gangara ta fi hawa haɗari. Akwai ɗabi'ar kashe inji ko matse kuloci a gangara wai don tsimin fetur. Man da ake ragewa bai kai kuɗin ɗori ba. Da zarar an raba inji da taya, nauyin duka ya koma kan birki, a kan jar ƙasa mai santsi kuwa, musamman a ruwan Yuli da Agusta, taya sai ta kulle ta zame. A bar babur a ƙaramar giya, inji ya riƙe shi, a taimaka da birkin baya a hankali.

Shi kuwa kan babur, ba a damƙe shi kamar ƙotar gatari. Yatsu biyu a kan hannun kuloci, sauran da babban yatsa su zagaye mariƙi, matuƙar wayar kulocin tana da laushi. In ta yi tauri, mai take so ko canji. Gwiwoyi ne suke riƙe babur ta hanyar matse tanki, gwiwar hannu kuma a ɗan lanƙwashe, domin tayar gaba ta samu damar neman hanyarta tsakanin duwatsu. Damƙa mai ƙarfi tana gajiyar da damtse, kuma duk ramin da aka faɗa sai wuyan hannu ya murɗa totur ba da niyya ba. A sanyin Disamba da Janairu, da yatsu kan sandare da asuba, safar hannu tana cikin kayan aiki.

Kafin a fita, a duba wasan hannun kuloci: milimita 2 zuwa 3 a gindinsa. In babu wasa, fayafayai za su riƙa zamewa. In ya yi yawa, giya za ta ƙi shiga. Baƙin mai kuma a nemi na babur mai alamar JASO MA, domin wasu na mota suna sa kuloci santsi.