Tsimi da Tanadi a Rayuwar Ɗalibi Mai Shirin Kammala Karatu: Nazari daga Zangon Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ɗalibi ɗan Zango da ke shekarar ƙarshe a babbar makaranta yake sarrafa kuɗinsa, ta fuskar kalmomi da al'adun Hausawa na tattali. An nuna cewa tsimi kaɗai ba ya fitar da ɗalibi a wannan shekara, sai ya haɗa da tanadi, domin hidimominta dunƙulallu ne, kuma bayanta akwai zaman jiran da ba shi da guzuri.

1.0 Gabatarwa

Zango ɗaya ce daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. 'Ya'yanta kan nemi ilimi mai zurfi a Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Aljihun irin wannan ɗalibi a ɗaure yake da gona da kasuwar iyayensa. Don haka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da rufe iyakar Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sun taɓa shi ta fuska biyu: kuɗin mota ya tashi, cinikin da ake tallafa masa da shi kuma ya ja baya.

2.0 Tsimi, Tanadi da Rowa

Hausawa kan jera kalmomin tsimi da tanadi wuri ɗaya, har akan kira fannin tattalin arziki da wannan suna, amma kowace da ma'anarta. Tsimi shi ne taƙaita amfani da abin da ke hannu don ya daɗe. Tanadi kuwa shi ne shirya wa buƙata tun kafin ta zo, wato abin da karin maganar "don tuwon gobe ake wanke tukunya" ke nufi. Rowa daban take, domin ita hana kai ko hana wani ce alhali buƙatar ta zo kuma akwai abin biya. Ɗalibai kan gauraya waɗannan, sai mai tsimi ya ji tsoron a kira shi marowaci, ya shiga hidimar da ta fi ƙarfinsa.

3.0 Hidimomin Shekarar Ƙarshe

A shekarun farko, yawancin kashe-kashen ɗalibi na yau da gobe ne: abinci da kuɗin mota da katin waya da kwafin takardu. Guzurin gida, irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kuka da daddawa da yaji, yana rage nauyin, tsimi kuma yana isarsa. Shekarar ƙarshe ba haka take ba. Akwai buga kundin kammalawa da ɗaure shi, da zirga-zirgar tattara bayanai ko ta koyarwar gwaji, da kuɗaɗen tantancewa kafin karɓar sakamako. A kan waɗannan sai a ɗora anko da hotuna da walima. Rukuni na farko wajibi ne, rashin biyansa na iya jawo jinkirin shekara guda. Na biyu ganin dama ne, amma shi kunyar abokai ke sa a fara biya.

4.0 Adashi da Bashin Karatu

Hanyar tanadi ta gargajiya ita ce asusu da adashi. A misali, ɗalibai goma masu zubin naira 2,000 a mako za su ba kowa kwasar naira 20,000 cikin mako goma. Adashi ba ya haifar da riba, amfaninsa shi ne mayar da ƙananan kuɗi dunƙule ɗaya, wanda shi ne abin da shekarar ƙarshe ke bukata. Sai dai sharaɗi biyu ne: kwasar ta dace da lokacin buga kundi, kuma zagayen ya ƙare kafin jarrabawar ƙarshe, domin da zarar an watse, bin sawun wanda ya kwasa bai gama zubi ba yana da wuya.

Sabuwar hanya ita ce asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a Afrilu 2024. Yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da naira 20,000 a wata, wato kusan naira 670 a rana. Ba shi da kuɗin ruwa, ana kuma fara biyansa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Haɗarin shi ne ɗalibi ya ɗauke shi kamar kyauta. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bai ce a ci shi a kan anko ba.

5.0 Zaman Jira

Ranar da ɗalibi ya koma Zango, guzuri ya yanke. Mai digiri ko babbar difloma yana da sa ran alawus ɗin hidimar ƙasa, wanda ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 aka fara biya a Maris 2025, amma kafin kiran akan yi watanni. Mai takardar NCE ko ƙaramar difloma kuwa ba ya zuwa hidimar ƙasa, haka wanda ya wuce shekara 30. Ga waɗannan, abin da suka fito da shi daga makaranta shi ne jarinsu na farko, ko na kiwo ko na noma ko na ƙaramar sana'a, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa tsarin da ya dace da shekarar ƙarshe shi ne kasa kuɗi uku tun farkon zango: na wajibin kammalawa, na yau da gobe, da na zaman jira. Biki sai da abin da ya yi saura. Akwai buƙatar masu nazarin al'ada su bi diddigin yadda adashi ke sauya kamanni tsakanin ɗalibai, yanzu da zubi ya koma tura kuɗi ta waya, uwar adashi kuma ba ta ganin fuskar mai zubi.