Darasin Wata: Nagasaki, Garin da Ya Riƙe Bangaskiya Fiye da Shekara 200 Ba Firist

Kowace shekara ranar 6 ga watan Fabrairu Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Bulus Miki da abokansa, shahidai 26 na ƙasar Japan. Mukan ji sunansu a wurin Misa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san garin da aka zubar da jininsu. Sunan garin Nagasaki. Yawancin mutane in sun ji wannan suna, bam ɗin 1945 ne kaɗai yake faɗo musu a rai. A wannan darasi za mu bi tarihin garin tun daga tushe, domin yana da abin da zai koya mana, mu mazauna Sabon Gari da Samaru, game da yadda bangaskiya take daɗewa a wuri.

Yadda garin ya kafu

Nagasaki tana bakin teku a tsibirin Kyushu, kudu maso yammacin Japan. A da ƙauyen masunta ce kawai. Fataken Fotugal sun fara isa Japan a 1543, sannan Waliyyi Faransis Zabiya ya sauka a garin Kagoshima ranar 15 ga Agusta, 1549, ya soma wa'azin Bishara. A 1563 wani hakimi mai suna Omura Sumitada ya karɓi baftisma, shi ne na farko cikin manyan masu sarauta na ƙasar da ya zama Kirista. Shi ya ba da izini aka buɗe tashar jiragen ruwa a Nagasaki a 1571. Nan da nan ƙauyen ya zama gari. Jiragen Fotugal suna kawo siliki daga ƙasar Sin, suna komawa da azurfar Japan, Kiristocin da aka kora daga wasu wurare kuma suna tahowa neman mafaka. Majami'u da makarantu suka yi yawa, har garin ya zama cibiyar Kiristanci a ƙasar.

Lokacin tsanani

Wannan bunƙasa ba ta yi wa masu mulki daɗi ba, gama sun ji tsoron kada baƙi su bi ta hanyar addini su ƙwace ƙasa. A 1587 shugaba Hideyoshi ya ba da umarni masu mishan su bar Japan. Bayan kusan shekara goma aka kama mutum 24 a Kyoto da kewaye, aka kora su tafiyar kusan wata guda cikin tsananin sanyi, aka ƙara biyu a hanya suka zama 26, aka gicciye su a kan tudun Nishizaka a Nagasaki ranar 5 ga Fabrairu, 1597. Uku daga cikinsu yara ne. Ƙaraminsu, Luwis Ibaraki, shekararsa 12.

A 1614 gwamnatin Tokugawa ta haramta Kiristanci a ƙasar baki ɗaya, aka rushe majami'u, aka kori firistoci. An kuma ƙago wata jarrabawa: kowace sabuwar shekara mutanen Nagasaki sukan zo gaban hukuma ɗaya bayan ɗaya su taka hoton Yesu ko na Maryamu da ƙafa. Wanda ya ƙi, ya tona kansa. A 1639 aka kori mutanen Fotugal gaba ɗaya. Daga 1641 'yan kasuwar Holan kaɗai ne Turawan da aka bari, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu a bakin garin, mai suna Dejima. Ta wannan 'yar kafa, da kuma fataken Sin, littattafan likitanci da sauran ilmin waje suka riƙa shiga Japan har tsawon shekara 200. Ya zuwa wajen 1644 ba sauran firist ko ɗaya a ƙasar.

Yadda suka riƙe amana

A nan ne zuciyar darasinmu take. Da makiyaya suka ƙare, talakawan ƙauyuka irin su Urakami, da masuntan tsibiran Goto, suka raba aikin Ikilisiya a tsakaninsu. Dattijo ɗaya yana riƙe da kalanda: shi ke lissafa ranakun Azumi, da Ista, da Kirsimati. Wani aikinsa yi wa jarirai baftisma. Wani kuma yana bin gida gida yana sanar da ranar da ta kama. Addu'o'i kuwa da ka aka riƙe su, uba ya koya wa ɗa, uwa ta koya wa 'ya, cikin dare da murya ƙasa ƙasa. Wasu gidaje sun ajiye siffar wata mace mai rungume da jariri, wadda maƙwabta suke ɗauka ta addinin Budda ce, alhali masu gidan Maryamu suke tunawa. Sun taka hoton a gaban hukuma domin su tsira da rai, suka koma gida suna roƙon gafara. Haka suka yi har wajen tsara bakwai.

Da Japan ta sake buɗe tashoshinta ga baƙi a 1859, firistocin Faransa suka zo suka gina majami'a a unguwar Oura domin Turawa mazauna garin. Ranar 17 ga Maris, 1865, wasu mutane kamar 15 daga Urakami suka shiga wannan majami'a. Wata mace a cikinsu ta matso kusa da Fada Bernard Petitjean, ta raɗa masa cewa bangaskiyarsu ɗaya da tasa, ta kuma nemi a nuna musu siffar Maryamu. Daga baya suka bincika ko firistocin ba su da aure, ko kuma suna ƙarƙashin Paparoma na Roma. Waɗannan su ne alamun da kakanni suka bar musu domin su gane makiyayi na gaskiya in ya dawo. Cikin ɗan lokaci dubban Kiristoci suka fito fili.

Wuya ba ta ƙare nan take ba. Daga 1867 aka sake kame, aka kwashe mutanen Urakami fiye da 3,000 aka warwatsa su a sassan ƙasar, fiye da 600 suka mutu. Sai a 1873 aka ɗage dokar haramcin. Waɗanda suka dawo suka sayi filin gidan mai garin inda aka riƙa tilasta musu taka hoto, suka soma gina babbar majami'a a 1895, ba a gama hasumiyoyinta ba sai 1925. Shekara 20 bayan haka, ranar 9 ga Agusta, 1945, bam na nukiliya da Amurka ta jefa ya fashe kamar mita 500 daga majami'ar. Cikin Katolika kusan 12,000 na Urakami, wajen 8,500 suka rasu. Sauran suka sake gina ta a 1959. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci Nagasaki a 1981, Paparoma Faransis kuma a 2019. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wurare 12 masu dangantaka da waɗannan ɓoyayyun Kiristoci cikin kayan tarihi na duniya.

Abin da ya shafe mu

Mu a nan ba mu da teku, amma jirgin ƙasa ya yi wa Sabon Gari abin da jirgin ruwa ya yi wa Nagasaki. Da layin dogo ya iso Zariya a 1911, ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da sauran wurare suka zauna kusa da tasha, garin baƙi ya kafu. Da yawa daga Katolika na farko a nan ta wannan hanya suka zo. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962 ta ƙara kawo wasu. A shekara ta 2000 Zariya ta sami dayosis nata. Duk wannan alheri ne. Amma Nagasaki ma ta taɓa cika da majami'u, aka wayi gari ba ko ɗaya. Abin da ya saura shi ne abin da aka shuka a cikin gidaje.

Saboda haka, abu uku ne ya kamata mu ɗauka. Na farko, gida shi ne makarantar farko. Iyayen da suka bar koyar da addu'a a hannun katikis kaɗai sun bar aikinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, kowane Katolika baligi ya san yadda ake yin baftisma in rai yana cikin hatsari kuma ba firist kusa: a zuba ruwa a kai, a ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da niyyar yin abin da Ikilisiya take yi. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan'uwanmu na ƙauyuka inda Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi. Na uku, mu koyar da ma'ana tare da hadda. Addu'o'in da mutanen Nagasaki suka haddace da Latin da Fotugis sun jirkice da tafiyar zamani, har wasu ba su san abin da suke faɗa ba, wasu iyalai ma ba su komo cikin Ikilisiya ba bayan 1873. Mu koya wa yaranmu da harshen da suke ji, ko Hausa ne, ko harshen gida, ko Turanci.

Tambayoyi domin nazari a zumunta

1. Waɗanne addu'o'i yaran gidanmu suka iya ba tare da littafi ba, kuma wa ya koya musu?
2. Idan firist ya yi wata shida bai iso wurinmu ba, wa zai riƙe wane aiki?
3. Mun san sunayen dattawa da katikis da suka kafa majami'armu? Wa zai zauna da tsofaffinmu ya rubuta labarinsu tun suna da rai?

Waliyyi Bulus Miki da abokansa, ku yi addu'a dominmu. Amin.