Bishiyar da ta zubar da ganye ba ta mutu ba

A aikinmu na gandun daji, kiran da ya fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu iri ɗaya ne: "Malam, bishiyar ƙofar gidanmu ta bushe, a zo a sare." In mun je, ko Malali ko Unguwar Dosa a nan Kaduna, sau da yawa sai mu tarar lafiyarta ƙalau, hunturu ne kawai ya sa ta kaɗe ganye don ta rage asarar ruwa.

Mutane sun saba gane bishiya da ganyenta, shi ya sa in ganyen ya tafi sai ido ya rikice. A wannan lokaci fure da 'ya'ya ake dubawa, a sama da kuma ƙasan bishiyar.

Rimi da gurjiya su aka fi haɗawa, don duka biyun suna da ƙaya a jiki tun suna ƙanana, kuma duka suna fitar da auduga. Amma furen gurjiya babba ne, ja ko ruwan lemo, mai kauri, a kan reshe tsirara, kana hango shi daga nesa. Na rimi ƙanana ne, fari-fari, cunkus a wuri ɗaya, da dare suke buɗewa, jemagu ne ke kai musu ziyara. Sannan gindin babban rimi yana da faffaɗan saiwoyi da suka taso kamar katanga. Gurjiya ba ta da wannan.

Ɗorawa ba ta wahalar ganewa: tutunta, wato furenta, ja ne, dunƙulalle, yana reto a doguwar igiya kafin 'ya'yan su fito. Kawo kuwa kwanson 'ya'yansa baƙi ne mai tauri, in ya tsage za ka ga baƙin iri da jar hula. Maɗacin da ke bakin tsoffin titunan Kaduna kwansonsa kan rabe gida huɗu.

Gawo ne ya saɓa wa kowa. Da rani yake ganye, da damina ya zubar, kuma a nan ne masu gatari ke yi masa hukuncin da bai dace ba.

Jama'a, kafin ku kira mai sara, ku kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. In kun ga kore a ciki, bishiyar tana da rai, ku bar ta. In kuna shakka, ku ɗauki furen ko kwanson da ya faɗo ku kai wa ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukumarku, ko Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka.