Digiri na Biyu a Tsara Kiɗa: Tanadin da Ya Kamata

Duk mai niyyar digiri na biyu a fannin tsara kiɗa ya fara tara ayyukansa tun da wuri, domin yawancin makarantu sai sun ga kiɗan da ya tsara, a rubuce kuma a naɗe, kafin su ba shi gurbi.

Zaɓin makaranta ya bi burin ɗalibi. Reshen Kwalejin Kiɗa ta Berklee da ke Balensiya a Sifen yana koyar da kiɗan fim da talabijin da wasannin kwamfuta cikin shekara ɗaya. Mai son koyarwa kuwa ya dubi misalin mai tsara kiɗa marigayi Akin Euba, wanda ya yi digiri na uku a Jami'ar Ghana, ya kuma koyar a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka.

A gida ma finafinan Kannywood da tallan rediyo suna buƙatar ƙwararru. Ko wace makaranta ya zaɓa, ɗalibi ya nemi tallafin karatu kafin ya biya ko sisi.